Gyambon baƙin ido: ciwon kaka da maganin da ya fara daina ci

Kaka ta yi. Daga Madawa zuwa Tasawa, daga Matamai zuwa Magarya, maza suna cikin gona suna yankan hatsi, ana ɗaurin dami ana kai wa rumbu. Mata suna sussuka da shiƙa, ƙaiƙayi yana tashi cikin iska. Wanda damina ta yi wa kyau yana cikin murna. Amma akwai wani ciwo da yake bin manoma a wannan lokaci kowace shekara, a Nijar da duk ƙasar da ake noma da hannu. Ciwon nan shi ne gyambon baƙin ido. Ƙarshensa hakiya, wani lokaci ma ido ya tsiyaye gaba ɗaya.

Ga yadda abin yakan zo. Magidanci ya duƙa zai ɗauki dami, sai tsinin kara ya shafe shi a ido. Ya murza da bayan hannu, hawaye ya zubo, ya ci gaba da aikinsa. Wa zai bar hatsi a ƙasa ga gara da bisashe saboda ɗan tsinke? Da dare ido ya yi ja, yana ji kamar an zuba masa rairayi. Gari ya waye, ba ya iya duban rana. Gwaggonsa ta leƙo ta ce: "Ba kome ba ne, ɗana, a samo mai jego ta matsa maka nono." Aka matsa. Maƙwabci ya kawo ruwan wani ganye, aka zuba. Ranar kasuwa ya aiki yaro wurin mai shimfiɗa magani bisa tabarma. Mai magani bai ga idon ba, bai tambayi kome ba, ya miƙo ƴar kwalba ya ce: "Ka ce ma Baba wannan shi ne mai ƙarfin, safe da marece." Baba ya ɗiga kwana biyu, jan ya ragu, zafi ya lafa, ya yi hamdala, ya soke kwalbar a jinka, ya koma gona. Bayan kwana huɗu sai ga wani ɗan fari a tsakiyar baƙin ido kamar ƙwayar hatsi. Kafin sati ya zagayo ya kai ƙwayar wake. Ranar da aka ɗora shi bisa amalanke zuwa gidan likita, sati biyu ke nan da rauni, daga nan ma sai da aka tura shi babban gari.

Labarin nan ba na mutum ɗaya ba ne. Da wuya a samu ƙauyen da babu mai ido ɗaya. In an bi asalin abin, sau da yawa sai a tarar da kara, ko ƙaya, ko ƙaiƙayi, da kwalbar kasuwa.

Abin da kara ya taɓa

Mai karatu, ka dubi idon ɗan'uwanka daga gefe a wuri mai haske. Za ka ga wani tantani garau kamar gilashin agogo ya rufe baƙin ido. Lokotoro suna ce masa korne. Ta cikinsa haske yake shiga. Kaurinsa a tsakiya rabin milimeta ne, wato kamar kaurin farce, faɗinsa kuwa bai wuce milimeta 12 ba. Allah ya yi shi babu jijiyar jini ko ɗaya, shi ya sa yake garau. To amma nan ne kuma raunin nasa yake. Sauran jiki in ya ji ciwo, jini yakan kawo masa maganin da aka sha ko aka yi allura. Tantanin ido ba shi da wannan hanya sosai. Saboda haka manomin da ya nace sai an yi masa allura don gyambon ido, kuɗinsa yake ɓatawa. Maganin wannan gyambo a cikin ido ake ɗiga shi.

Abin da yake tsare tantanin nan shi ne hawaye, da ƙiftawa, da wata ƴar fata siririya a bisansa. Muddin fatar ba ta ƙuje ba, yawancin ƙwayoyin cuta ba su da ƙofar shiga. In ta ƙuje, lafiyayyen ido yakan rufe wurin cikin kwana ɗaya ko biyu. Amma in ƙwayar cuta ta riga shiga, sai wurin ya zama gyambo, ya yi mugunya, ya dinga ci yana zurfi. Gyambon ƙafa in ya warke ya bar tabo, ba ya hana tafiya. Tabon baƙin ido kuwa fari ne, haske ba ya ratsa shi. Shi ne hakiya.

A nan akwai kuskuren da ya kamata a gyara. Mutane sun saba ganin tsofaffi masu yanar ido an yi musu aiki, washegari an kware ido suna gani. Sai su ɗauka hakiya ma haka take. Yana tana can ciki ne bayan baƙin ido, ana fid da ita a sa wani ɗan gilashi. Hakiya tana jikin tantanin ne kansa. Babbar hakiya ba ta da magani sai a yanke tantanin a dasa na wani mutum da ya rasu ya bar wasiyya. Wani lissafi da aka bayyana a shekarar 2016 ya nuna cewa a duniya duka, cikin mutum 70 masu bukatar dashen nan, ɗaya ne yake samu. Talakan ƙauye ba ya cikin lissafin masu samu.

Ba kara kaɗai yake buɗe ƙofa ba. Mai walda da ba ya sa tabarau, da mai fasa dutse, da mai saran icce mai ƙaya, duk suna cikin haɗari. Haka mai amodari wanda gashin idonsa ya juya ciki yana kartar baƙin ido dare da rana. Haka yaron da baƙon dauro ya kama alhali jikinsa ba shi da isasshen bitamin A.

Cuta ba ɗaya ba ce

Duk jan ido a wurin mai tebur ciwo ɗaya ne, maganinsa ɗaya. A wurin lokotoro kuwa, abin da yake cin tantani iri-iri ne, kowane da maganinsa.

Akwai bakteriya, ƙwayoyin cuta ƙanana da ido ba ya gani. Su ne ake kashewa da maganin da ake kira antibiyotik, irin su tetarasikilin, da kuloramfenikol, da siprofuloksasin. Wasunsu suna da gaggawa. Akwai wata mai suna sudomonas, tana son wuri mai danshi da ruwa marar tsabta, tana iya huda tantani cikin kwana biyu ko uku.

Akwai kuma fumfuna, ita wannan da take fitowa bisa tuwon da ya kwana biyu, ko cikin hatsin da ya sha danshi a rumbu. Irinta yana manne da kara da ganye da ƙasar gona. Ita ce babbar abokiyar gabar manomi, domin kara ne yake kai ta har cikin ido. Gyambonta ba ya gaggawa, yana ci a hankali, gefensa kamar gashin tsuntsu, shi ya sa mai shi yakan raina shi. A ƙasar Gana, binciken da aka bayyana a shekarar 2002 ya samu cewa fiye da kashi ɗaya cikin uku na masu gyambon ido fumfuna ce ta kama su. A shekarar 2021 masana sun ƙiyasta cewa ido fiye da miliyan ɗaya ne fumfuna take kamawa kowace shekara a duniya, yawancinsu a Asiya da Afirka. To, antibiyotik ba ya taɓa fumfuna ko kaɗan. Ko mutum ya ɗiga kwalba goma, kamar ya zuba ruwa bisa dutse ne. Maganinta dabam ne, sunansa natamisin. An gwada shi a kudancin Indiya, aka bayyana a 2013 cewa ya fi abokin gwajinsa, a 2017 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin magungunan da suka wajaba a samu a kowace ƙasa. Duk da haka samunsa yana da wuya a ƙasashen Afirka da yawa. Abin takaici ne, a ce cutar ta manoma ce, maganin kuwa ya fi ƙaranci a ƙasashen manoma.

Na uku birus ne, irin wanda yake sa ƙuraje a bakin mutum bayan zazzaɓi. Shi ma antibiyotik ba ya cinsa.

Yanzu a komo ga kwalbar Baba. Me ya sa ya ji sauƙi kwana biyu? Kwalabe da yawa da ake sayarwa gauraye ne: antibiyotik da wani magani dangin kortizon. Wanda ya iya karatu ya duba jikin kwali, sau da yawa zai ga an rubuta deksametazon. Kortizon yana kwantar da ja da zafi nan da nan, amma yana ɗaure hannun jiki ya hana shi yaƙi. Ido ya yi fari a gani, fumfuna ko birus kuwa suna ci daga ciki ba mai tsare su. Magani ne mai amfani a hannun lokotoron ido. A hannun mai tebur, makanta ce cikin kwalba.

Awa 18

A ƙasar Nepal, can kusa da Indiya, akwai wani yanki na manoma da ake kira Baktapur. Masu kula da lafiya na ƙauyuka suka dinga tura masu raunin ido wurin lokotoro, waɗanda aka samu da ƙujewar baƙin ido aka ba su man ido na kuloramfenikol, a sa sau uku a yini har kwana uku. An bayyana sakamakon a shekarar 2001. Mutum 442 aka duba masu ƙujewar ido. Cikinsu 284 sun zo kafin awa 18 da rauni, babu ko ɗaya da ya yi gyambo. Mutum 109 sun zo tsakanin awa 18 da awa 24, huɗu suka yi gyambo. Mutum 49 sun zo bayan kwana ɗaya zuwa kwana biyu, 14 suka yi gyambo.

A sake duban lissafin nan. Magani ɗaya ne, mai araha, irin wanda ake samu a ƙaramin gidan likita. Abin da ya bambanta mutanen shi ne lokacin zuwa. Wanda kara ya soka da hantsi, awa 18 tana cika kafin kiran sallar asuba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yinin aiki ɗaya da manomi yake ƙyashin bari, shi ne yakan tafi da idon da zai yi noman shekara talatin.

Aikin lokotoro

In gyambo ya riga ya kama, aiki ya wuce ɗan man ido. Lokotoro zai taɓa ido da wata ƴar takarda mai launin rawaya, ya haska shuɗiyar fitila, sai wurin da ya ci ya fito kore shar. Zai auna faɗinsa da zurfinsa. Inda akwai kayan aiki, zai ɗiga maganin kashe zafi, ya kankaro ɗan abin da yake bakin gyambon, a duba a madubin da yake girmama ƙananan abubuwa. Nan ake gane bakteriya ce ko fumfuna. Wani lokaci ana renon ƙwayar cutar kwana biyu ko uku, a jera mata magunguna a ga wanda yake kashe ta da wanda ba ta ji. Irin wannan aiki sai a manyan asibitoci masu sashen ido, kamar na Yamai da Damagaram da Maradi. Shi ya sa in likitan ƙauye ya ce a wuce gaba, kada a ce ya raina mutum ko ya kasa. Ya san iyakar abin da yake hannunsa.

Sa maganin shi ne mai wuya. A kwana biyun farko, ɗigo ɗaya ake sawa kowace awa, dare da rana, har a tada marar lafiya daga barci. Dalili kuwa, hawaye yana wanke magani cikin ƴan mintoci. Bayan haka lokotoro ya rage a hankali bisa yadda ya ga gyambon. Na bakteriya yakan ɗauki sati ɗaya zuwa uku. Na fumfuna yakan kai wata, har ya wuce. Ba a ɗaure idon mai gyambo da tsumma ko auduga, domin ɗumi da duhu su ne abincin cuta. A gwada wannan da "safe da marece" na mai tebur, sai a ga nisan tafiyar.

Yadda magani yake daina ci

Manya suna tune da nibakin. Shekaru da yawa ita ce maganin zazzaɓin cizon sauro, a sha ƴan ƙwayoyi a miƙe. Aka dinga shanta ko da dalili ko babu, wani ya sha rabi ya ajiye rabi. A hankali ta daina ci, har a shekarar 2005 gwamnatin Nijar ta canza maganin zazzaɓi. Nibakin ba ta lalace ba, cutar ce ta koyi hanyar kuɓuta. Abin da ya samu nibakin shi ne yake bin antibiyotik a yau, har da na ido.

Mutane sukan ce: "Jikina ya saba da maganin." A'a, ƙwayar cutar ce ta saba. A cikin ɗan gyambo akwai bakteriya dubban dubbai, ba ƙarfinsu ɗaya ba. Magani in ya shiga da ƙarfinsa, a kan lokaci, har ƙarshe, yakan share su. In ya shiga kaɗan-kaɗan, yau a ɗiga gobe a manta, sai ya kashe raunana ya bar masu taurin kai. Kowane manomi ya san gonar da aka yi wa noman ganin ido: ciyawa mai laushi ta mutu, ƙiri-ƙiri ya samu fili ya cinye gona. Bakteriya ta fi ciyawa saurin yaɗo, wata tana rabuwa biyu cikin minti ashirin ko talatin. Ƴaƴan masu taurin kai su ma masu taurin kai ne. Abin mamaki, har suna iya miƙa wa wasu bakteriya wannan taurin, kamar yadda maƙwabta suke ba juna iri. Sa'an nan ba su tsayawa a ido ɗaya. Suna bin hannu, da gefen zane, da tandun kwalli, da kwalbar da gida duka yake ɗigawa, su isa idon yaron da bai taɓa sa magani ba.

Wanda ya gano penisilin, uban antibiyotik duka, shi ne Alexander Fleming, a birnin Landan a shekarar 1928. A jikin fumfuna ma ya gano shi. A 1945, lokacin da aka ba shi kyautar Nobel, ya yi kashedi cewa in penisilin ya zama abin saye a kanti, wanda bai sani ba zai sha ƙasa da ƙima, ya koya wa cuta jure magani. Kamar yana kallon kasuwannin ƙauye na yau. Magani yana shimfiɗe cikin rana tun safe, zafi yana rage ƙarfinsa. Wani ya wuce lokacinsa an goge kwanan wata. Wani jabu ne tun daga inda aka yi shi. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin magani goma da ake sayarwa a ƙasashe marasa ƙarfi, ɗaya jabu ne ko marar inganci. Magani mai rabin ƙarfi ya fi ruwa zalla haɗari, domin ruwa ba ya koya wa cuta kome.

Likitocin ido sun auna abin da kansu. A wani babban gwaji da aka yi yawancinsa a Indiya, an duba bakteriyar da aka kankaro daga masu gyambo. Waɗanda suka riga suka ɗiga dangin siprofuloksasin kafin su zo asibiti, bakteriyarsu ta bukaci magani wajen ninki biyu kafin ta tsaya. Dangin nan kuwa su ne makamin farko na lokotoro. Wato mai ɗigawa da ka, yana dakushe wuƙar da za a cece shi da ita.

Ga jariri ma. Ciwon sanyi na uba da uwa yana shiga idon jinjiri lokacin haihuwa. Cikin kwana biyu zuwa biyar fatar ido ta kumbura, mugunya tana zuba. Wannan ƙwayar tana huda tantani ko babu ƙujewa, kuma ita ce ake yi wa allura dole. A da penisilin yana kashe ta. A 1976 aka fara ganin irin da ba ya jin penisilin, wani daga Asiya, wani daga Afirka ta Yamma. Daga baya ta bijire wa tetarasikilin, ta bijire wa siprofuloksasin. Yau allurar seftiriyakson ake yi, kuma uwa da uba sai an yi musu magani su ma. Jaririn da idonsa yake mugunya a satin farko, ba a jiran suna, ranar nan ake kai shi.

Kada a ce wannan matsalar talakawa ce kawai. A shekarar 2023 a Amurka, wani ruwan ɗigawa a ido da ake saye a kanti ya gurɓata da sudomonas wadda kusan duk antibiyotik ba ta ji. Ta kama mutum 81 a jihohi 18. Mutum 14 sun rasa gani, huɗu sai da aka cire musu ido, huɗu sun mutu. Ƙasa ce mai lokotoro da kayan aiki, amma da magani ya ƙi ci, hannunsu ya gaza. A duniya duka, an ƙiyasta cewa a 2019 bakteriya marasa jin magani sun kashe mutum miliyan 1 da dubu 270, kuma in an gwada da yawan jama'a, Afirka ta Yamma ce ta fi kowa asara: wajen mutum 27 cikin kowane dubu 100.

To, maganin da ake rabawa gida-gida fa?

Mutanen jihohin Damagaram da Maradi sun san azitromisin, maganin amodari da aka dinga rabawa gari-gari tun farkon shekarun 2000, ana auna tsawon yaro da sanda. Mai hankali zai tambaya: in yawan shan antibiyotik yana dakushe shi, don me hukuma take ba mutum ko ba ya ciwo? Tambaya ce mai kyau, kuma a ƙasar nan aka nemo amsarta.

A jihar Doso, a Boboy da Loga, an yi wani gwaji, aka yi irinsa a Malawi da Tanzaniya. Wasu garuruwa aka ba yara daga wata ɗaya zuwa ƙasa da shekara biyar azitromisin sau biyu a shekara, wasu garuruwa aka ba su abin da ya yi kama da shi amma babu magani ciki. A 2018 aka bayyana cewa a Nijar mutuwar yara ta ragu da 18 cikin 100 a garuruwan da suka samu maganin. An sake wani gwaji a jihohin Doso da Tawa, aka bayyana a 2024, mutuwar ta ragu da 14 cikin 100. Wannan rayukan yara ne, ba abin wasa ba. Amma masu binciken ba su ɓoye ɗaya gefen ba. Sun duba wata bakteriya mai zama a hancin yara, wadda take kawo ciwon haƙarƙari da sanƙarau, kuma tana cikin manyan masu sa gyambon ido. Bayan shekara biyu, a garuruwan da suka sha maganin, wajen 12 cikin 100 na bakteriyar nan sun daina jin azitromisin da danginsa. A sauran garuruwan, wajen 3 ne cikin 100.

Saboda haka kada kowa ya hana ɗansa maganin rabo. Amodari da kansa yana cikin masu kawo hakiya, kuma azitromisin ba shi ne ake ɗigawa a gyambo ba. Abin lura shi ne wannan: magani ne na gaske, an auna shi daidai da jikin kowane yaro, akwai masu ƙirga riba da asara, amma duk da haka cuta ta ɗan koyi wani abu. In haka ta faru da maganin da ake sa wa ido, ina ga ƙwayar nan mai kai biyu, ja da rawaya, da ake ɓarewa a zuba a fura, a zuba a ruwan kaji, a barbaɗa a gyambo, wani ma ya jiƙa ya ɗiga a ido? Riba ba ta nan, sai asara, kuma babu mai ƙirgawa.

Ranar da abu ya faɗa ido

Kada a murza. A wanke da ruwa mai tsabta da yawa, ruwan da aka tafasa ya huce ya fi. Kada a sa tsinke ko harshe a ce za a fiddo abin. Nono, da ruwan ganye, da ruwan sukari, da fitsari, duk a bar su: wasu suna ƙona tantani, wasu suna kawo tasu cutar cikin rauni. A daina sa kwalli har ido ya warke. In bayan wanki mutum yana jin abu a ciki, ko yana hawaye, ko ba ya son haske, a tafi gidan likita a ranar. In an ga ɗan fari bisa baƙin ido, ko gani ya ragu, ko da dare ne a nemi abin hawa. Masu sussuka da shiƙa su ba iska baya. Mai halin sayen tabarau, ko na kasuwa ne, ya sa lokacin yanka da ɗaurin dami.

Wanda aka tura babban asibiti ya tafi da duk kwalaben da ya riga ya ɗiga, har kwalinsu, ya faɗi gaskiyar abin da aka zuba masa a gida. Lokotoro yana bukatar sani, domin maganin da aka riga aka sa yana iya ɓoye cutar a madubi. Ya tafi kuma da mutum biyu in da hali, saboda ɗigon kowace awa: ɗaya ya kama daga isha zuwa tsakar dare, ɗaya ya karɓa zuwa asuba, a sa salula ta dinga tada su. Mai ɗigawa ya wanke hannu da sabulu, ya ja fatar ido ta ƙasa, ya saki ɗigo ɗaya, bakin kwalba kada ya taɓa ido. Kwalbar mutum ɗaya ce, ba ta gida ba. In lokotoro ya ce a tsaya, abin da ya rage a ciki a jefa shi masai, kada a soke shi a jinka don kaka mai zuwa.